Kilo ɗaya da ɗigo huɗu

Waɗanda suka je taryata a filin jirgin Malam Aminu Kano suka gan ni na fito da jallabiya uku a jikina, har yau wasunsu suna tambaya wai ko sanyi ake yi a Masar. Ba sanyi ake yi ba. Watan Agusta ne, garin kamar bakin tanda. Tunda na ga hoton ya fara yawo a WhatsApp ɗin gida, gara ku ji daga bakina kafin Auta ya ƙara masa gishiri.

Kun dai san hutun kwana goma na je yi Alƙahira wajen ɗan Yaya da ke karatu a Azhar. Na ga dalar Giza, na hau raƙumi, na sha shayi a Khan Khalili, na ci kushari har ya fita raina. Sautu ne ya ja min. Gwaggo ta ce man zaitun da man habbatus sauda, kwalba uku-uku, kamar an daina sayarwa a Kurmi. Uwargida abaya huɗu, da hotunansu. Auta kuwa, da yake lefensa ya matso, ya turo min jerin kaya shafi biyu da kuɗin da bai kai na shafi ɗaya ba. Kwana biyu cur muka yi a kasuwar Ataba, ɗan Yaya yana ciniki ni ina kau da kai, don akwai kayan da bai kamata kawu da ɗan 'yar'uwarsa su tsaya suna zaɓe tare ba.

Ni fa na yi shiri. Tikitina ya ce akwati biyu, kowanne kilo 23, sai jakar hannu kilo 7. Tun daga Kano na aro ɗan sikelin rataye mai ƙugiya wajen maƙwabcinmu ɗan gwangwan, kun san shi. Daren tafiya muka rataye babban akwati, allura ta tsaya cak a kan 23. Ƙaramin 14. Har na ce da na sani da na ƙaro wa yara cakulan.

A filin jirgin tun daga ƙofa ake tace mutane, marar tikiti ba ya shiga. Nan tafintana ya tsaya ya ce, "Kawu, Allah ya tsare, a gaida su Umma." Na shige ni kaɗai da Larabcina na makarantar zaure. Layin namu kuwa kamar Kantin Kwari ranar Asabar: 'yan kasuwa, ɗalibai, masu dawowa daga ganin likita, Hausa kawai kake ji ta ko'ina. A lokacin daɗi na ji.

Da layi ya zo kaina na ciccibi babban akwatin na ɗora da ƙarfin gwiwa. Jar lamba ta fito, 29.4. Wallahi da farko na ɗauka zafin gari take nunawa. Na ɗora ƙaramin, 18. Saurayin da ke kan kanta, gashi ya sha mai, ya dube ni ya ce, "Ya Hag," don su jim ɗinsu ga ce, sannan ya ja takarda ya rubuta 100 ya turo min. Na ce fam? Ya ce dala. Irin wadda ake sayowa a Wapa fa, ba ta Giza ba.

Na karɓi biron nasa na yi masa lissafi a bayan takardar. 29.4 a tara da 18, 47.4 ke nan. An ba ni 46. Abin da ya hau kilo ɗaya ne da ɗigo huɗu. Ko zinare na ɗauko? Ya girgiza kai ya ce "ma fish", ya nuna wannan akwati, ya nuna wancan, wato kowanne da hisabinsa, ladan ƙarami ba ya ceton babba. Nan na kwance Larabci. Na fara da "ya ayyuhar rajulu", sai na ji ɗaliban da ke bayana sun tuntsire. Ashe irin Larabcin da nake yi, a kunnen Bamasare kamar mutum ya je sayen kati ne ya ɓarke da huɗubar Juma'a. Ban fasa ba. Na ce sikelinsu ne bai da gaskiya, ni da nawa na zo, na zaro shi daga aljihu na ɗaga sama kowa ya gani. Da na ga bai girgiza ba sai na ja masa ayar masu tauye mudu. Bawan Allahn nan ya bari na kai inda na kakare, ya karɓe ya ƙarasa min ita da ƙira'a mai daɗi, har da gunna, ya ce "ma'alesh ya Hag", ya yafito na bayana.

Na bayan nawa shi ne Alhajin da nake son ku taya ni ganewa. Dogo ne, baƙi, da hula zanna da sanda mai kan azurfa, ba ya ɗauke da komai sai 'yar jaka kamar ta wanzami. Kilo 46 ɗinsa na nan zaune ba abin da ya ɗora musu. Na matsa na rage murya na ce, "Alhaji, don girman Allah, ko za a saka min kwalaben nan a sunanka?" Ya ce, "Malam, ko carbi ba na riƙe wa mutum a filin jirgi." To wannan ban ga laifinsa ba. Tun abin da ya sami yarinyar nan da aka tsare a Saudiyya kan jakar da ba tata ba, har sai 2019 aka sako ta, ba mai hankalin da zai karɓi kayan wani, ni ma ba zan karɓa ba. Abin da na riƙe shi da shi daban ne. An buga masa takardarsa cikin minti biyu, hanya ga ta a buɗe, amma mutumin nan bai tafi ba. Ya dawo ya dogara sanda a kaina ya buɗe makaranta. "Wannan ce fitarka ta farko ko?" Na ce ta uku. Ya ce, "Ba ta yi kama ba." Ya sanar da ni cewa ma na gode Allah, da ya haura 32 ko nawa zan biya ba za su karɓa ba, saboda bayan masu ɗauka. Ya sanar da ni shi shekara ashirin yana wannan hanya, kayansa kago yake ba wa su same shi a Kano. Wa ya tambaye shi?

Dabara ɗaya ta rage, a rage wa babba a ƙara wa ƙarami. Na ja kayana gefe, gefen da bai wuce taku uku daga layi ba, na durƙusa a kan tayil. Babban akwatin nan da ma sai da ɗan Yaya ya zauna a kai muka rufe shi. Ina jan zif ya yi ajiyar zuciya ya amayo. Kuma abin da ke sama, da yake su muka saya a ƙarshe, shafi na biyu ne na jerin Auta. Ledar ta fashe. Rigunan mama dozin guda, ja da shuɗi da mai ruwan hoda, suka baje a gaban jama'ar Annabi. Ɗaya ta yi tsalle ta faɗa kan takalmin Alhaji.

Wajen ya yi tsit, irin tsit ɗin da ake yi in liman ya yi rafkanuwa. Alhaji ya sa bakin sandarsa ya ɗago ta, a hankali, ya ɗaga ta daidai fuskata tana lilo, ya ce da muryar da ta kai ƙarshen layi, "Malam, wannan ma taka ce?" Na ce ta ƙanena ce. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Nufina ta lefen ƙanena. Wata Hajiya mai keken guragu, da aka ce aikin gwiwa aka yi mata, ta yi dariya har tana riƙe ɗinki tana cewa a daina, a daina. Wata kuma ta leƙo ta ce, "Bawan Allah, amaryar budurwa ce? To wannan lambar ta yi mata yawa, an cuce ka." Ta sunkuya ta fara tsince min su tana ninkewa tana duba lambar kowacce, tana sanar da layi. Ni dai ina durƙushe, gumi yana ɗiga daga haɓata, ina roƙon ƙasa ta tsage. Ɗaliban nan kuwa kowa ya ɗaga waya, wai duba lokaci suke yi.

Kwalaben Gwaggo su ne nauyin, kuma ba su shiga jakar hannu, tunda ruwa ko mai da ya wuce mililita 100 ba ya wuce bincike. Na tura su cikin ƙaramin, na fito da abayoyi na danna a jakar hannu. Na koma kanta, babba 24.6, ƙarami 21. Na dawo ƙasa. Alhaji ya ce, "Takalman za ka cire." Na cire takalman, ba don ya faɗa ba. Na koma, babba 23.2, ƙarami ya zama 23.9, don na manta na cusa masa turaruka. Saurayin ya fara ce min "ya basha". A zuwa na uku ne na zaro jallabiyoyi biyu da na saya wa kaina na zura a kan ta jikina, na ɗora rigar sanyin da uwargida ta sa na tafi da ita, na cika aljihu da sabulai. Na tako kamar buhun gawayi. 23 da 22.9. Har wani ya tafa.

Ina miƙa hannu zan karɓi fasfo sai saurayin ya leƙo ta saman kanta, ya nuna jakar hannuna da ta kumbura kamar cikin wata tara. Na rantse ba shi ya gano ba, na ga sanda Alhaji ya yi mata nuni da haɓa. Aka ɗora, 11.5. Ya ce ko in rage, ko ta bi sauran a matsayin akwati na uku, wanda kuɗinsa ya fi na farko. Na duba jikina, ba sauran wurin sa wata riga. Na kwashe abayoyin na mayar cikin babban akwati, wato na dawo inda na faro, sai dai yanzu ina sanye da jallabiya uku. Katin naira ya ƙi. Na juya baya na kwance dala ɗarin da na ɓoye a lalitar wando don ko-ta-kwana, na biya, aka ba ni rasit. Na so in cire rigunan, sai aka fara kiran shiga jirgi, kuma akwatunan sun riga sun wuce.

A jirgi kujerar Alhaji na gaban tawa. Ya kwantar da ita har kan gwiwata tun kafin mu bar sararin Masar, ya yi barcinsa har Kano. Da muka sauka ya juyo ya ce min, "A gaida ƙanen naka."

Gwaggo ta karɓi mai ta jijjiga kwalba ta ce na Kurmi ya fi kauri. Maganar Hajiyar nan ta lamba kuwa ta tabbata, an kai Kwari an canjo. Auta bai ce zai biya dala ɗari ba, ni ma ban tambaya ba tukuna, rasit ɗin dai yana nan.

Shekaranjiya na mayar wa maƙwabci sikelinsa, na ce masa abin nan naka ƙarya yake yi, kilo shida ya ci min a akwati ɗaya. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce, "Kash, Yallaɓai, ai na saye yaran suka ba ka. Na sayarwa yana shago." Ya ce in zan sake tafiya in yi magana da wuri.