Ƙannena masu riƙe da rumbun bayanan jama'a, ku yi ƙaura tun da sauran rana

Assalamu alaikum ƙannena na Nima, Mamobi da Madina, ku da kuke haɗa wa masu shaguna da makarantun Islamiyya manhaja. Rumbun bayanan da kuka ɗora a gajimare, wato a kan kwamfutocin wani kamfani ta intanet, gidan haya ne, kuma mai gida yakan ce a tashi. A Azure, gajimaren Microsoft, kamfanin ya rufe tsohon tsarinsa Single Server na rumbun MySQL ranar 16 ga Satumba 2024, ya rufe na rumbun PostgreSQL ranar 28 ga Maris 2025, kowa ya koma sabon tsarin Flexible Server. An sanar tun kusan shekara biyu kafin nan, amma sanarwar takan faɗa imel ɗin da aka buɗe ranar rajista, wanda ba mai leƙa shi. Don Allah yau ku duba imel ɗin wa ke kan asusun. Wata ƙaurar tana tafe: kowane zubin (version) PostgreSQL shekara biyar ake kula da shi, na 13 ya ƙare a Nuwamba 2025, na 14 zai bi a Nuwamba 2026.

Kwashe bayanan ba shi ne mai wuya ba. A kwashe da umarnin pg_dump da -Fc, a zuba a sabon rumbu da umarnin pg_restore da -j 4. Sai dai kada ka yi daga laftof ɗinka, dumso (ɗaukewar wuta) ko yankewar data za su katse maka aiki a tsakiya. Ɗauki ƙaramar saba a yankin da rumbun yake, ka yi aikin cikin tmux, manhajar da ke barin aiki ya ci gaba ko da layinka ya yanke.

Ƙananan abubuwa ne ke kayar da mutum. A tsohon tsarin Azure sunan shiga yana ɗauke da @ da sunan saba, a sabon kuwa suna ne zalla. Ka manta wannan a fayil ɗin .env mai riƙe da saitin manhaja, manhaja ta ƙi shiga. Duk ƙarin (extension) da kake amfani da shi a PostgreSQL, irin su pgcrypto ko PostGIS, sai ka ba shi izini a azure.extensions kafin zubawa. In ka tsallako daga PostgreSQL 11 zuwa 15 ko sama, ka sani daga 15 an hana kowa da kowa ƙirƙirar tebur a sashen rumbu mai suna public, sai wanda aka ba izini. Bayan zubawa ka buga ANALYZE, domin pg_dump na waɗannan zubin ba ya tahowa da ƙididdigar da rumbu ke zaɓen hanya da ita. Shi ya sa wani zai ce sabuwar saba ta fi tsohuwa nauyi, alhali laifin nasa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne masu kwafin kai-tsaye (logical replication) daga tsohon rumbu zuwa sabo don kada manhaja ta tsaya. Wannan hanya tana kwafe layuka, amma ba ta taho da inda lambar jeri, wadda rumbu ke ba kowane sabon layi, ta tsaya. Ka juya zuwa sabon rumbu, wata hajiya ta biya kuɗin makarantar 'yarta ta MoMo, an cire mata sidi ɗari biyar, saƙon tabbaci ya iso manhajarka, rumbu ya ba shi lamba 1, ya tarar da mai lamba 1 tuni, ya ƙi karɓa. Ga ta tsaye gaban akawu tana nuna saƙon a wayarta, shi kuma allonsa ba komai. Haƙƙin mutane ne wannan. Ka gyara kowane jeri da umarnin setval kafin ka buɗe ƙofa, kuma teburin da ba shi da mabuɗin farko (primary key, abin da ke bambanta kowane layi) ka sa masa, in ba haka ba gyara da gogewa ba za su bi ba.

Ku gwada ƙaurar a kan kwafi aƙalla sau biyu, ku riƙe agogo, ku ƙirga layukan manyan tebura a ɓangarorin biyu. Kada ku sa ranar a ƙarshen wata, ko makon komawa makaranta, ko jajiberin Sallah. Ku faɗa wa mai shago awa nawa za a rufe.

Tsohon rumbu a hana shi karɓar rubutu, a bar shi mako guda, sannan a goge, tunda da dala ake biyansa. Fayil ɗin da kuka kwaso kuma yana ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutane, dokar kare bayanai ta Gana ta 2012, mai lamba 843, ta hau kanku a kansa. Kada ku tura shi ta WhatsApp, kuma ku goge shi daga ƙaramar sabar nan kafin ku kashe ta.