Garin da ake dasa wa kogi nakiya

Wata Asabar a farkon Maris ƙarar fashewa ta girgiza tagoginmu a nan Ottawa, babban birnin Kanada. Wanda ya taso a Arewa ya san inda zuciyata ta tafi. Dattijon da ke maƙwabtaka da mu ko gezau, ya ce ma'aikatan birni ne ke fasa ƙanƙarar Kogin Rideau.

Da hunturu saman kogin daskarewa yake yi, har mutum ya taka ya wuce. Ɗumi na fara shigowa sai ƙanƙarar ta tsattsage, manyan ɓaraguzai su biyo ruwa su cushe a ƙarƙashin gada ko a kwana, wani kan wani. Ruwa ya rasa hanya, sai ya koma baya ya faɗa gidaje cikin 'yan sa'o'i, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Haka ta faru a Fort McMurray, wani gari a yammacin Kanada, a Afrilun 2020, Kogin Athabasca ya toshe, mutum kusan 13,000 suka bar gidajensu.

To su nan ba sa jira. Tun ƙarshen Fabrairu ake yanka dogayen tsagi a ƙanƙarar da zarto mai inji, a huda ramuka a zuba nakiya kusa da inda kogin ke zubawa cikin Kogin Ottawa. Sannan wata motar haƙa mai iyo ta hau kan abin da ya rage, ta danne shi da nauyinta har ya karye. Sama da shekara 100 ana wannan aiki.

Na san za a ce ai kuɗi gare su. Haka ne, kuma su ma ruwa na cin su. Amma ciyawar kachala da ta shaƙe Kogin Haɗeja ba dare ɗaya ta tsiro ba, damina kuma ba ta taɓa zuwa babu sallama ba. Mu sai ruwa ya ci gari a iso da tabarmi da masu ɗaukar hoto.

Duk da haka, da dattijon ya tambaye ni yadda muke yi a can, ban faɗa masa wannan ba. Labarin gayya na ba shi, yadda matasa ke shiga kwalekwale da lauje su yashe hanyar ruwa ba sisin kowa. A layinmu nan, in ruwa ya shigo, shi kaɗai na san sunansa da zan buga wa ƙofa.