Ungulayen mahautar Sakkwato

Na karanta wani rahoto kan raguwar ungulaye a Arewa, kuma abin ya taɓa ni matuƙa. A da, duk wanda ya je mahauta a Sakkwato da hantsi zai tarar da su jere a kan katanga, amma yau mutum kan yi wata bai ga ko ɗaya ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sanya irin wannan ungulu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Masu sayar da kawunansu domin tsibbu da masu zuba guba a mushe ne ke kashe su, alhali su ne ke cinye mushen kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. Ina roƙon sarakunanmu su tsawatar a kasuwannin da ake wannan ciniki.