Na ci gardama, na rasa ɗan'uwa

Akwai abin da na aikata shekaru da dama da suka wuce, wanda har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. A wajen nazarin Littafi Mai Tsarki ne na tsakiyar mako. Wani saurayi da bai daɗe da fara zuwa ikilisiyarmu ba ya ɗaga hannu, ya faɗi fahimtarsa a kan ko mai bi zai iya rasa cetonsa. Fahimtar tasa ta saɓa wa tawa. Ni kuwa a lokacin karatu na cin raina, ayoyi na zuba daga bakina kamar ruwa. Na miƙe na jero masa aya bayan aya, na rufe da 'yar dariyar nan mai cewa "kai yaro ne". Jama'a sai gyaɗa kai suke yi. Da aka tashi wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Madalla, ɗana, ka tsare gaskiya." Saurayin bai sake taka ƙafarsa cikinmu ba.

Kada wani ya ɗauka na zo janye ayoyin ne. Har gobe ina ganin daidai na kawo su. Abin da ya canza a wurina shi ne ma'anar abin da muke kira sahihiyar koyarwa.

Mun saba ɗaukar maganar kamar sikeli: koyarwa a wannan faranti, zumunta a wancan, in ka ƙara wa ɗaya nauyi dole ɗayan ya yi sama. Shi ya sa za ka ji ana cewa, "Can akwai Kalma amma ba su da ƙauna," ko kuwa, "Can akwai ƙauna amma ba su da zurfi," kamar dai mutum zai zaɓi ko ya rasa ido ko ya rasa ƙafa. Ni ban yarda akwai sikelin nan ba, kuma kalmar kanta ce ta hana ni yarda. Kalmar Helenancin da Manzo Bulus ya yi amfani da ita a wasiƙunsa zuwa ga Timoti da Titus, wadda aka fassara mana da "sahihiya", kalmar lafiyar jiki ce. Ita ce a Luka 5:31, inda Yesu ya ce masu lafiya ba su bukatar likita. Ita ce kuma a Luka 15:27, inda aka ce uban ya sami ɗansa da ya ɓata ya dawo lafiya lau. Wato koyarwa lafiyayya Bulus yake nufi, mai ba jiki lafiya. Jikin kuwa mutane ne.

Ku buɗe Titus sura 2. Aya ta farko ta ce wa Titus ya riƙa faɗar abin da ya dace da sahihiyar koyarwa. Da ni ne mai rubutun, da abin da zai biyo baya darasi ne a kan yadda Allah yake zaɓen waɗanda zai ceta, da kuma ƙaddara. Bulus kuwa sai ya shiga maganar yadda tsofaffin maza za su kame kansu, yadda tsofaffin mata za su guji tsegumi su koya wa 'yan baya zaman gida, yadda samari za su zama masu hankali. Haka a 1 Timoti 1:9-10, da ya lissafa abubuwan da ke gāba da sahihiyar koyarwa, masu kisankai ya ambata, da fasikai, da masu satar mutane, da maƙaryata, da masu rantsuwar ƙarya. Kusan duk laifin mutum ne a kan mutum. To, ni da na kunyata ɗan mutane a gaban jama'a da ayoyi masu kyau, wace irin lafiya ce koyarwata ta ba jikin?

Ikilisiyar da ke ba ni tsoro a Sabon Alkawari ita ce ta Afisa, don ba wadda ta kai ta gata. Bulus ya yi shekara 3 a cikinsu. Da zai yi ban kwana da dattawansu a Militas, ya gargaɗe su cewa mugayen kyarketai za su shigo, har daga cikinsu ma wasu za su tashi suna karkatar da gaskiya. A Afisa ya bar Timoti don ya tsawata wa masu koyar da wata koyarwa dabam. Sun kuma ji gargaɗin, sun riƙe shi da hannu biyu. Shekaru bayan haka, a Wahayin Yahaya sura 2, Ubangiji da kansa ya yaba musu: sun gwada masu kiran kansu manzanni sun gano maƙaryata ne, sun ƙi ayyukan Nikolatawa, wata ƙungiya mai karkatacciyar koyarwa, sun jure ba su gaji ba. In da jarrabawa ce, sun cinye. Sai ya ce yana da magana a kansu: sun bar ƙaunarsu ta farko. Bai kuma ɗauki abin a matsayin ƙaramin aibi ba. Cewa ya yi in ba su tuba ba zai kawar da fitilarsu daga mazauninta. Sun riƙe gargaɗin Bulus, amma sun manta cewa dare da rana da hawaye ya yi musu shi, kamar yadda Ayyukan Manzanni 20:31 ta nuna. Sun manta cewa ranar ban kwanan nan rungume shi suka yi suna kuka.

Na san wani zai karanta zuwa nan ya ce, "Yawwa! Abin da muke faɗa ke nan, a bar maganar koyarwa, raba kawuna take yi, mu ƙaunaci juna kawai." Ɗan'uwa, dakata, kada ka rufe surar. Kaɗan a gaba akwai ikilisiyar Tayatira, wadda aka yaba wa ƙaunarta da bangaskiyarta da hidimarta, har aka ce ayyukanta na baya sun fi na farko. Laifinta ɗaya: ta ƙyale matar nan da aka kira Yezebel tana koyarwa tana ɓad da bayin Allah. Ba su so a ɓata wa kowa rai, sai suka bar kaza cikin gashinta.

Muguwar koyarwa ba a takarda take tsayawa ba, a jikin mutane take sauka. Matar da aka gaya wa cewa ƙarancin bangaskiyarta ne ya sa ɗanta bai warke ba, ta koma gida da makoki biyu. Talakan da aka koya wa cewa gwargwadon baikonsa gwargwadon albarkarsa, ya fara kallon Allah kamar ɗan kasuwa. In ka ji irin wannan daga bagadi ka yi shiru don kada a ce ka cika fitina, kada ka sa wa shirun nan suna ƙauna. Tsoro ne, kuma wani ne yake biyan kuɗinsa.

Abin da ya faru a Antakiya ma ya ishe mu. Bitrus yana cin abinci tare da masu bi na al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, da wasu suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye jikinsa, har Barnaba ya bi sahu. Bai yi wa'azin ƙarya ko ɗaya ba, wurin zama kawai ya canza. Amma Bulus ya tsaya masa ido da ido, ya ce wannan tafiyar ba ta bi gaskiyar bishara ba. Wanda kake yarda ka zauna kusa da shi yana faɗin abin da ka gaskata game da alheri fiye da bakinka.

Inda gizo yake saƙar shi ne sanin wace magana ce ta isa a ja daga a kanta. Bulus da kansa ya bambanta. A 1 Korantiyawa 15 ya ce akwai abin da ya fi kome muhimmanci: Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. A Romawa 14 kuwa, kan cin nama da kiyaye ranaku, cewa ya yi kowa ya tabbata a zuciyarsa, kada a raina juna. Da wani malami mai suna Ariyus ya ce Yesu Ɗan Allah halitta ne, ikilisiya ta taru a Nikiya a shekara ta 325 ta ce a'a, Atanasiyus kuma, bishop ɗin da ya tsaya wa matsayin Nikiya, ya sha kora har sau 5 a kan wannan. Ya cancanta, don in Yesu ba Allah ba ne, ba mu da Mai Ceto. Amma a 1529, a Marburg ta ƙasar Jamus, Martin Luta da Zwingli, jagororin gyaran ikilisiya, suka zauna kan batutuwa 15, suka daidaita a kan 14, suka rabu a kan yadda Almasihu yake kasancewa cikin Jibin Ubangiji. Teburin da aka kafa don ya haɗa mu, shi ya raba su. Ba na raina nauyin tambayar, amma duk lokacin da na karanta labarin sai zuciyata ta sosu.

Jon Wesli da Joj Witfild, masu wa'azin nan na Ingila, sun fi burge ni. Sun saɓa ƙwarai a kan zaɓen Allah, kusan irin gardamar da na yi da saurayin nan, har hidimarsu ta rabu biyu a 1741. Ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa. Duk da haka, da Witfild ya rasu a Amurka a 1770, Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan, kuma Witfild ɗin ne ya so hakan tun yana da rai.

Bari in faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. Yawancin rigingimun da na gani a ikilisiya ana kiransu na koyarwa, ba na koyarwa ba ne. Wani ne ba a gaishe shi ba, wata ce aka cire daga kwamiti ba a gaya mata ba, wani ne yake ganin shi ya fi cancanta da kujerar. Da yake kunya ce mutum ya ce "an ɓata mini rai", sai ya nemo aya ya sa wa ƙullacinsa riga. Afodiya da Sintiki na Filibi sun yi fama tare da Bulus a aikin bishara, suka saɓa, Bulus bai ko gaya mana wa ke da gaskiya ba, roƙonsu ya yi su shirya. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma mu yanzu mun juya Matiyu 18 kai ƙasa. Yesu ya ce ka fara zuwa wurin ɗan'uwanka ku biyu kaɗai, mu kuwa a Facebook muke farawa, shi ne na ƙarshen ji.

A Afisa ɗin nan dai aka nuna mana yadda ake yi. Afolos mai iya magana ne, masanin Littattafai, amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Akila da matarsa Bilkisu suka ji shi a majami'a. Ba su katse shi ba, ba su kuma yi shiru ba. Jawo shi gefe suka yi suka ƙara bayyana masa hanyar Allah sosai, daga baya ya zama babban taimako ga masu bi a Akaya. Hanyar nan tana gabana a daren nazarin nan, na san ayar ma da ka, ban bi ta ba don a gefe ba mai tafa mini.

Kwanan baya na samo lambar saurayin, wanda yanzu magidanci ne. Na kira shi, na gabatar da kaina, ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya ce ya gane ni. Na ce, "Ɗan'uwa, na yi maka laifi a daren nan, ka gafarce ni." Ya ce ya yi shekara biyu bai shiga kowace majami'a ba bayan abin, amma yanzu yana sujada a wani wuri, ya kuma yafe tuntuni. Sai ya yi dariya ya ce, "Amma fa, Yaya, har yanzu ban yarda da fassararka ta Ibraniyawa 6 ba." Mun sa rana za mu zauna mu buɗe ta tare.