Kocin ninƙaya ma ya isa riƙe ofishin wasanni

Na ga wasu na ƙorafi kan wani sabon naɗi, cewa wai me ya kai kocin ninƙaya kujerar daraktan wasanni na jami'a, alhali ga masu ƙwallo. Malamai, a Amurka wannan ba sabon abu ba ne. Robert Kiphuth ya horar da 'yan ninƙayar Jami'ar Yale daga 1918 zuwa 1959, ya ci gasa 528, aka doke shi sau 12 kacal. Ya ɗauki kofin jami'o'in ƙasar har sau huɗu. Daga 1947 zuwa 1949 kuma shi ne daraktan wasannin jami'ar, bai ma saki horarwar ba. A tsakanin nan ne ya kai mazan Amurka gasar Olamfik ta Landan a 1948, suka kwashe zinaren ninƙayar maza gaba ɗaya.

Ni abin da ya fi burge ni da irin wannan naɗi shi ne, mutumin ya fito daga wasan da ba ya kawo kuɗi. Ya san zafin roƙon kasafi, ya san tsadar kula da wurin ninƙaya. Idan aljihu ya yi ƙasa, irin wasanninsu ake fara yanka. A 2020 Jami'ar Iowa ta soke ninƙaya, sai da 'yan matan ƙungiyar suka kai ƙara kotu aka maido da tasu, ta maza kuwa shi ke nan.

Sai dai aikin ofis taro ne da takardu da lallaɓar masu ba da gudummawa, ba busa usur ba. A ba sabon daraktan da ake ƙorafi a kansa shekara biyu tukuna.