Yin dariya tare da mahaifi mai cutar mantuwa ba raini ba ne

Yana ci mini rai yadda wasu ke ɗauka cewa duk wanda ya yi raha da mahaifinsa mai cutar mantuwa ya raina shi. Na san inda tunanin ya samo asali. Iyaye ba abin wasa ba ne, kuma akwai ciwo ka ga wanda ya raine ka yana laluben sunanka ya kasa.

Sai dai cutar Alzaima, wadda ta fi jawo irin wannan mantuwa, takan fara taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai ajiye sabbin abubuwa. Jin daɗi da fargaba kuwa sukan daɗe ba su gushe ba. Zai manta abin da aka faɗa, amma yanayin da aka bar shi a ciki yana nan. Rainin shi ne a yi masa dariya a bayan ido, ko a yaɗa bidiyonsa.

Rannan Baba ya tayar da hankali yana neman tabarau, ga ɗaya a fuskarsa, wani a hannunsa. Na ce, "Baba, da na uku kuke so ku hango gobe?" Ya tuntsire da dariya, na taya shi. Da tsawa na yi masa, da ya wuni a tsorace bai san dalili ba.