Mai tikiti yana waje, mara tikiti yana kan kujera

Duk ranar da ƙungiyar ƙwallo ta Kotoko za ta karɓi Hearts, ko Black Stars, 'yan wasan ƙasar Ghana, suka sauka Kumasi, wulaƙancin da ke jiran mutane a ƙofar filin wasa na Baba Yara iri ɗaya ne. Magidanci ya fito daga Aboabo ko Asawase, ya tsakuri kuɗin cefane ya sayi tikiti, ya shiga layi tun azahar rana tana dukansa, ana saura minti goma a busa usur sai wasu su danno ƙofa daga gefe su kwarara ciki. Shi da ya biya yana waje riƙe da waya yana jin ihun 'yan kallo ta bayan katanga. Washegari a hau rediyo ana cewa magoya baya ba su da tarbiyya. Wannan magana ta ishe mu haka nan! Mai kutse yana da laifi, babu mai wanke shi, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Lissafin ba shi da wuya. Filin yana ɗaukar mutum kusan 40,000. A ƙa'idar da Ingila ke tsara filayenta da ita, ƙofa mai juyawa guda ɗaya ba ta shigar da fiye da mutum 660 a awa, wato 11 a minti. Ƙofa 20 ke nan mutum 13,200 a awa, sai an yi awa uku cur kafin fili ya cika. In takwas kaɗai aka buɗe don a rage kuɗin masu gadi, 5,280 ne a awa, awa bakwai ma ba za ta isa ba. Wannan kuwa in komai yana tafiya daidai ne. Da zarar intanet ya yi nauyi saboda dubban wayoyi a wuri ɗaya, na'urar karanta tikiti ta koma cin daƙiƙa 15 a kan kowane mutum, ƙofar ta dawo mutum 4 a minti, 240 a awa. Ga shi mutanenmu ba sa zuwa da wuri, mai shago sai ya rufe, mai salla sai ya idar, taron duk a awar ƙarshe yake tahowa. Wanda ya tsara wasa bai zauna ya yi wannan lissafi ba, shi ya gayyato turmutsitsi da hannunsa.

Babban giɓin shi ne barin mara tikiti ya iso jikin ƙofa. Wajibi ne a kafa shingen ƙarfe tun daga kan titunan da ke shigowa fili, nesa da katanga, a nan ake cewa nuna tikiti. Shinge na biyu na laluben jiki ne, a karɓe wuƙa da kwalba. Na uku kaɗai ne na na'ura. In aka tara ayyukan nan uku a bakin ƙofa ɗaya mai faɗin mutum biyu, mai tikiti da mara shi sun cakuɗe, na baya yana turo na gaba, kuma ɗan sanda ba shi da yadda zai bambance su. A filin Wembili na Landan, ranar wasan ƙarshe na kofin Turai a Yulin 2021, marasa tikiti kusan 2,000 suka kutsa. A filin Olembe na Yawunde, 24 ga Janairu 2022, mutum 8 suka mutu a cunkoson ƙofa ranar wasan Kamaru da Komoros. Ba halin Zango ba ne, ba halin Asante ba ne, sakacin masu tsari ne a ko'ina.

Sai ɓarnar cikin gida, wadda kowa ya sani ake kau da kai. A danƙa wa mai gadi 'yan sidi a tafin hannu ya matsa gefe. Babban mutum ya zo da kati ɗaya na furotokol, mutum goma suna biye da shi. Tikiti ɗaya a ɗauki hotonsa a tura wa abokai biyar ta WhatsApp, in na'ura ta tsaya aka koma duba allon waya da ido, duk su wuce. Matashin da ke tsaye yana kallon wannan me zai hana shi gwada katanga? Mafi muni, daga wannan lokaci babu wanda ya san adadin mutanen da ke ciki. Matakala ta cika da masu zama, hanyar fita ta toshe.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne maganin da ake yi wa kutse: a jawo ƙofa a datse ta da sarƙa da kwaɗo, mai mabuɗi ya tafi kallon ƙwallo. Wallahi wannan shi ne kisan kai. Ranar 9 ga Mayu 2001 a filin wasa na Akara, Hearts ta ci Kotoko 2 da 1, aka fara jifa da kujerun roba, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, jama'a suka ruga matakala suka tarar da ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka rasu, da yawansu samarin Nima ne da sauran unguwanninmu. An gurfanar da jami'an 'yan sanda shida, kotu ta sallame su. Ƙa'idar FIFA ta hana shiga da wannan hayaƙi don sarrafa taro a fili, amma a Oktoban 2022 aka maimaita shi a filin Kanjuruhan na Indunusiya, rai 135 suka tafi. Ƙofar fita a waje take buɗewa, babu kwaɗo a jikinta, da ma'aikaci tsaye a gabanta riƙe da oba-oba tun daga buɗe fili har mutum na ƙarshe ya fita. Ɗan sanda da kulki ba ya maye gurbin ma'aikacin da aka horar, wanda ya san kowane lungu na filin.

Ku kuma ƙannenmu masu cewa mu danna kawai, ku ji da kyau. Idan mutum ya haura biyar a faɗin mita ɗaya murabba'i, ba kai ke tafiyar da ƙafarka ba, taron ke ɗaukarka. Wanda ke jikin ƙarfen ƙofa ƙirjinsa ke matsewa, ya kasa jan numfashi, yana tsaye zai suma, cikin 'yan mintuna an gama. Sau da yawa yaro ne ko dattijo, mai yiwuwa ɗan layinku.

A Fabrairun 2025 aka daɓa wa wani mai goyon bayan Kotoko wuƙa a Nsoatre ya mutu, har aka dakatar da gasar lig. Wuƙa ta iso wurin wasa, wane ne ya yi lalube? Muna so hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana, GFA, da hukumar wasanni ta ƙasa mai riƙe da filin su riƙa sanarwa kwana biyu kafin kowane babban wasa: tikiti nawa aka sayar, ƙofa nawa za a buɗe, ƙarfe nawa, ma'aikata nawa, kuma wane jami'i ne zai amsa tambaya in aka fasa ƙofa. A daina sayar da tikiti a jikin fili ranar wasa. A kafa babban allo a Zango da Bantama don wanda bai samu ba. Wanda kuma ya biya aka bar shi a waje, a mayar masa da kuɗinsa ta MoMo, asusun kuɗi na waya, da ya biya da ita.